Faifan tare ɓera a bakin amya: yadda ya yi mini a hunturun Ingila

Faifan ƙarfe ne siriri, tsawonsa daidai da faɗin bakin amya, an huhhuda shi da ramuka zagayayyu, kowanne milimita 9. Iyakar kayan ke nan. Na saye shi a wajen masu sayar da kayan kiwon zuma a nan arewacin Ingila, kowanne bai kai fam biyu ba, na kafa a amyoyina na katako irin waɗanda ake kira National, waɗanda yawancin masu kiwo a ƙasar nan suke amfani da su.

Wanda ya san kiwon zuma a gida zai yi dariya in aka ce masa ɓera abin tsoro ne. Can amya tana bisa itace, ƙudan a farke suke rani da damina, wane ɓera! Nan kuwa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10, ƙudan sai su bar gadin ƙofa, su dunƙule wuri ɗaya da sarauniya a tsakiya, suna karkaɗa jiki don su ɗumama juna. Haka za su zauna watanni suna cin abin da suka tara, wanda a nan ake so ya kai kilo 18 zuwa 20. To ɓeran daji me yake nema da ya wuce wannan? Ga ɗumi, ga rufi, ga abinci, masu gida kuma ba su da ƙarfin harbi. Sai ya shiga ya ɓarke saƙa ya yi ɗaki, ya jawo busasshen ganye ya shimfiɗa. Na ga amyar da aka yi wa haka a lambun wani maƙwabcina: rami a tsakiyar saƙa kamar an zura dunƙulen hannu, ga zarnin fitsari. Saƙar da ta sha wannan fitsari sai dai zubarwa.

Faifan ya yi aikinsa, wannan ba ja. Da na buɗe a farkon bazara ban ga kashin ɓera ko ɗaya a ƙasan amya ba, alhali a jikin katakon ɗaya daga ciki, dab da gefen ƙarfen, akwai sawun haƙori. Ya zo, ya gwada, ya haƙura. Dalilin da ya sa ramin ya zama zagayayye shi ne ƙoƙon kan ɓera shafaffe ne, yana iya kutsawa ta tsaga mai faɗi ko da tsayinta bai fi kaurin fensir ba, amma rami zagayayye mai milimita 9 ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa sandar katakon da ake rage ƙofa da ita ta isa ba. Katako ai abin gaigaya ne.

Sai dai mai sayarwa ba zai gaya maka cewa ka sayo wa kanka aiki ba. Ƙudan zuma suna mutuwa kullum a hunturu, kuma ranar da aka ɗan samu rana 'yan uwansu suke jawo gawarwakin waje. Ta ƙaramin rami abin yana yi musu wuya, sai gawa ta taru a bayan faifan har ta toshe jeren ramukan ƙasa. In aka bar shi haka, iska ta ragu, danshi ya taru, masu son fita ba hanya. Ni waya na lanƙwasa kamar ƙugiya, lokaci lokaci nakan zura ta cikin ramukan in jawo su a hankali, ba tare da na bubbuga amyar ba. Bayan an yi dusar ƙanƙara ma sai an je an share bakin.

Lokacin kafawa shi ma da dabara. Akwai wani tsiro mai yaɗo a bango da itatuwa da Turawa ke kira ivy, yana fure daga Satumba har cikin Nuwamba, shi ne abincin ƙarshe na shekara. In ka yi gaggawar kafa faifan, bakin ramin zai riƙa kankare garin furen da suka ɗauro a ƙafa, ka tarar da shi rawaya a zube a ƙofa. Na jira har ƙarshen Oktoba, na cire sandar katakon tukuna, na leƙa da tocila don kada in kulle ɓarawo a ciki, sannan na kafa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne ƙananan ƙusoshin da aka haɗo da shi, masu laushi ne, suna lanƙwashewa a katako, ga yatsa ya daskare da sanyi. Na musanya su da ƙananan sukurori. Gefen ƙarfen kuma da kaifi, a sa safar hannu. Sannan wanda yake wurin da ƙaramar jaba ta yi yawa ya sani cewa ita tana wucewa ta milimita 9, sai ya nemi ragar waya mai ido milimita 6, ita kuma ta fi saurin toshewa da kankare garin fure.

A watan Maris na cire faifan daga amyoyin, da na ga ƙudan sun fara shigowa da garin fure sun kuma dawo gadin ƙofa. Babu tsatsa, na wanke na ajiye, bana ma da shi zan yi, in Allah ya kai mu.