Wasiƙa daga Ingila: yadda ake riƙe hankalin mutane a horon sasanci ta intanet

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Na ga saƙonka cewa ƙungiyarku za ta fara horar da masu sasanta rikici ta intanet, kuma kana fargabar mutane su shigo, su kashe kyamara, su ci gaba da harkar gabansu. Ka ce in faɗa maka yadda ake yi a nan, da kayan da ya kamata ku saya.

Sasanci a Ingila sana'a ce sosai. Akwai Acas, hukumar da ke shiga tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, akwai CEDR a Landan da ke horar da masu sulhun rigimar kasuwanci tun 1990. Daga watan Mayun 2024 ma, a Ingila da Wales, yawancin ƙananan ƙararrakin kuɗi da ba su wuce fam 10,000 ba sai an yi zaman sulhu na awa ɗaya kafin a je gaban alƙali. Ta wayar tarho ake yin sa, ba bidiyo, mai sulhu ya ji ta bakin wannan, ya koma ya ji ta wancan.

Horon da ake sayarwa iri biyu ne. Na farko naɗaɗɗe ne: ka kalli bidiyo, ka danna gaba, ka amsa 'yan tambayoyi, takardar shaida ta fito. Ya yi daidai da koyon dokoki, amma na ga abokan aiki sun kunna shi suna wanke-wanke. Kada ku ɓata kuɗinku a kansa.

Na biyun shi ne na kai tsaye, kuma shi na shiga ta wurin aikinmu. Malamar ba ta taɓa yin magana ita kaɗai fiye da minti goma ba. Da ta yi ɗan bayani sai ta watsa mu cikin ƙananan ɗakunan Zoom, manhajar taro ta bidiyo, uku-uku don wasan kwaikwayo: biyu masu faɗa, ɗaya mai sulhu. Kowane mai faɗa an turo masa labarinsa a ɓoye. Ni aka ba ni ma'aikacin da ya ƙi karɓar aikin dare saboda mahaifiyarsa na kwance, amma kunya ta hana shi faɗa. Abokiyar faɗana kuwa an rubuta mata cewa ba aikin daren ne ya dame ta ba, haushinta shi ne an sauya jadawali ba a tambaye ta ba. Mai sulhun bai san ko ɗaya ba, sai ya tono da tambaya. Wallahi Yaya, babu wanda ya duba wayarsa. Malamar takan leƙo ɗakin da makirfo a kashe, ta saurara, ta fice. In lokaci ya cika sai agogon daƙiƙa 60 ya bayyana a allo yana ƙirgawa, kowa na ƙoƙarin ƙarasa maganarsa. Da muka dawo babban ɗaki ba mai sulhun ta fara tambaya ba. Mu masu faɗan ta tambaya: “A wane lokaci ka ji an saurare ka?” Nan darasin ya fito daga bakinmu.

Wata dabarar ita ce ƙuri'a. Ta kawo rabe-raben wasu masana biyu, Thomas da Kilmann, na 1974, hanyoyi biyar da mutum ke bi in rikici ya taso: fito-na-fito, kauce wa maganar, sakar wa ɗayan, raba daidai, ko haɗa kai a nemo mafita. Kowa ya zaɓi nasa ba tare da suna ba, sakamako ya fito a allo, musu ya kaure. Ko masu nauyin baki sai da suka tanka.

Gajiyar allo kuma gaskiya ce, ba lalaci ba. A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na jami'ar Stanford ya bayyana dalilanta: fuskoki kusa-kusa suna kallonka, ganin fuskarka kullum, zama wuri ɗaya, da wahalar karanta alamun jiki ta kyamara. Shi ya sa malamar ta sa muka ɓoye hotonmu daga idonmu, kuma duk awa sai an tashi an miƙe ƙafa.

Batun manhaja: Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, amma yana da ƙananan ɗakunan. Google Meet na kyauta yana kai minti 60, sai dai ɗakunan sai an biya. Ma'aikatu sun fi amfani da Teams don yana zuwa tare da sauran kayan Microsoft. A ganina ku biya Zoom na mutum ɗaya, mai jagorantar ajin, ya wadatar.

Inda muka bambanta shi ne ƙarfin intanet. A nan kowa na kan kwamfuta da layin gida, malami na iya cewa a bar kyamara a kunne. Naku mahalartan yawanci waya ce a hannunsu da data ƙididdigagge. Kamfanin Zoom da kansa ya ce murya kilobit 60 zuwa 80 take buƙata a daƙiƙa, bidiyon taro kuwa ya ninka haka wajen sau goma. Don haka murya za ku kare. In kotu a nan tana sulhu ta tarho, ku ma za ku iya koyarwa da murya. A buɗe kyamara wajen gaisuwa, sannan a kashe, a riƙa kiran mutane da sunansu. Labaran wasan kwaikwayon a tura wa kowa nasa ta WhatsApp tun da wuri, don in layi ya yanke yana da abinsa. Ka lura kuma da jinkirin murya: mutum biyu su fara magana tare, kowa ya ɗauka an katse shi da gangan, a ajin sasanci kuwa wannan kan zama sabon faɗa. Mai sulhu ne kaɗai zai ba da izinin magana.

Kada malami ya zauna shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A samu na biyu mai rarraba ɗakuna, mai mayar da wanda layi ya jefar, mai karanta saƙonni.

A kaya, abin sawa a kunne mai makirfo ya fi kyamara mai tsada amfani, yana kuma hana mutanen gida jin sirrin da ake faɗa. Kada ku naɗi wasan kwaikwayon, mutane na ganin alamar naɗi sukan kame bakinsu. Zan rubuta maka labaran faɗa guda uku ku gwada a tsakaninku kafin ranar farko. Ka turo mini adadin mahalartan in tsara yadda za a raba su.

A gaida Anti da yara.

Ƙanenka.