Ƙwan kaza ko ƙwan zabo: wanne za a sa wa kaza mai kwanci?

A Tahoua da zarar damina ta faɗi zabi sun fara zuba ƙwai, sai mai kaza ya tsaya tunani: ya bar mata nata, ko ya sa mata na zabo?

Ƙwan kaza kwana 21 ne ya ƙyanƙyashe. Kaza ta gida tana rufe 10 zuwa 12 lafiya, 'yan tsakin kuma ba su da wuyar reno. Tsaki, ruwa a ƙaramin kasko, sai tsaron shirwa.

Na zabo yana kai kwana 26 zuwa 28. Wannan ƙarin makon ne ke ramar da kaza, har ƙirjinta ya zama ƙashi, don haka a ajiye mata gero da ruwa kusa da akurki, a zuba toka inda za ta yi birgima saboda ƙuma. Ranar da suka fito aiki ya fara. Ɗan zabo ba ya jure sanyi, raɓar safiya kaɗai tana iya kashe shi. Ni ba na buɗe musu sai rana ta ɗaga, kuma ina haƙo musu gara. Wahalar tana biya, don zabo ya fi kaza daraja a kasuwa, kuma kaza ta fi zabuwa iya riƙon 'ya'ya nesa ba kusa ba.

Wanda bai saba ba, ya fara da na kaza. In za a haɗa su, a riga sa na zabo da mako guda, kada ta tashi da 'yan tsaki ta bar sauran su yi sanyi.