Zaɓaɓɓe da Naɗaɗɗe a Majalisar Baladiyyar Makka

Bahaushen titin Mansur (Shari'a Mansur) ko unguwar Misfala a Makka da ke da koke kan shara ko magudanar ruwa ya san wakilai iri biyu a majalisar baladiyya, wato majalisar ƙaramar hukuma, a lokacin da ake zaɓenta. Na farko shi ne zaɓaɓɓe. A zaɓen 2005 da na 2011, wanda aka ɗage daga 2009, rabin kujeru kawai aka zaɓa, kuma maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. A watan Disamba na 2015 kason ya kai kashi biyu bisa uku, aka rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18, mata kuma suka shiga takara har wasunsu suka lashe kujeru.

Naɗaɗɗe kuwa, a wancan lokacin, gwamnati ce ke kawo shi, sau da yawa da gogewar aiki, amma ba ya bin unguwa neman yardar kowa.

Ni na fi karkata ga zaɓaɓɓe, domin kunyar maƙwabta tana sa shi sauraro. Abin da ke damuna shi ne 'yan'uwanmu masu iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda aka haifa a nan Saudiyya, ba su samu ƙuri'a ba, tun da 'yan ƙasa kaɗai suka yi zaɓe.