Wace manhaja za ka sa don sanin lokacin husufin rana?

Jama'a tunda an fara zancen husufin 2 ga Agusta 2027, wanda rana za ta rufe ɗungum a Masar da Jidda da Makka, mu nan Sakkwato kuma gefe kawai za ta ɗan ciwu, bari in faɗi abin da na gwada tun kafin a damfari wani.

Ni dai Stellarium nike so, ba ɓoye-ɓoye. A kwamfuta kyauta ne, ba talla, kuma in ka sauke shi shikenan ko ba ka da data yana aiki, ka zaɓi Sokoto ko ka sa mishi digiri 13 arewa da digiri 5 gabas, wato inda Sakkwato take a taswira, ka tura kwanan wata gaba ka ga wata yana shiga gaban rana sannu-sannu kamar kana tsaye tsakar gida. Ran da na fara taɓa shi baya na koma, 29 ga Maris 2006, na sa Gusau, sai ga rana ta rufe baƙi ƙirin kamar yadda mutanen can suka gani da idonsu, wallahi nan na yarda da shi. Akwai na waya ma, na kyautan ya ishe ka.

timeanddate.com na da kyau, zai ba ka farawa da ƙarewa, amma sai da data. Manhajar SkySafari manyan nau'o'inta na kuɗi ne, ban ga dalili ba.

Abin da nike fara dubawa yanzu shi ne agogon wa manhajar take bi. A husufin 1 ga Satumba 2016 wata manhaja da na sauke ta ba ni lokacin GMT ba ta faɗa ba, mu kuma awa ɗaya muke gaban GMT, na je na shaida ma limamin unguwarmu a Mabera, aka taru don sallar husufi aka yi ta jira rana lafiya lau, dattawa har suka fara watsewa. Har yau abin na min ciwo.

To ku kiyayi manhajojin bogi, sun cika Play Store, talla kan talla, wata ma sai ta nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin wayarka, mi ya haɗa lissafin rana da SMS ɗinka? Goge ta nan take. Haka masu tura saƙo a WhatsApp wai za a yi duhun kwana uku, ƙarya ce, mafi tsawon rufewar 2027 bai kai minti 7 ba.

Sai tabarau. Baƙin gilashin kasuwa ba ya kare ido, fim ɗin X-ray ma haka, kallon rana cikin kwanon ruwa ma na ƙona ido. Na gaske an rubuta ISO 12312-2 a jiki, kuma har wannan rubutun 'yan damfara na bugawa, don haka ka sa shi cikin ɗaki ka dubi fitila, in kana ganin kayan ɗaki tas maida ma mai shi. In ba ka samu ba huda kwali da allura ka juya ma rana baya, ka kalli hoton da zai faɗo ƙasa.