Kafin ka biya kuɗin fandisho, duba ƙasar filinka

Yawancin maginanmu lissafi ɗaya ke bakinsu: a buga igiya, a haƙa ƙafa uku, a zuba kankare. Haka za su faɗa maka a kan marmara, haka za su faɗa a bakin fadama, alhali ƙasar ce ya kamata ta zaɓa maka irin fandishon da za ka saya.

Wanda ya dace da jar ƙasa mai tauri, irin wadda ta yawaita a Zariya da Kaduna da sassan Kano, ya huta. Fandisho na gama-gari ya ishe shi, wato rami mai bin layin bango. Ga bulo inci 9, faɗin kankaren yakan zama ninki uku, inci 27, kaurinsa kada ya gaza inci 6, sannan a cike ramukan bulon da ke cikin ƙasa da kankare. Shi ne mafi araha, kuma ga gidan da ba bene ba, ƙarin rodi a nan ɓarnar kuɗi ce. In akwai niyyar ɗora bene ko da bayan shekaru, a kafa ginshiƙai tun yanzu, kowanne a kan faffaɗan gindi na kankare da rodi.

Rairayi ba ya kumbura, ruwa kuma ba ya kwana a cikinsa. Aibinsa zaizaya, don haka a faɗaɗa gindin, a daddaɓe sosai, a kawar da hanyar ruwa daga jikin bango.

Baƙar laka ce ke cin kuɗi. Ita ce firkin da aka sani a wajajen Dikwa da Ngala, ana kuma samunta a yankin Numan da wasu sassan Gombe. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini, da rani ta tsuke ta dare har hannu yana shiga. Bango ba zai jure wannan hawa da sauka ba, shi ya sa za ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace. Zaɓi biyu ne a nan. In lakar ba ta yi zurfi ba, a kwashe ta har a tarar da ƙasa mai kyau, a cike da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. In ta yi zurfi, sai raf, wato shimfiɗar kankare da rodi guda ɗaya a ƙarƙashin gidan duka, ta yadda in ƙasa ta motsa, gidan zai motsa tare ba tare da ya karye ba. Raf ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma a ganina ya fi faci duk shekara. Kuma a nisanta dogon yaro daga bango, domin jijiyarsa tana tsotse ruwan lakar ta ɓangare ɗaya.

Wanda na fi tsoro shi ne kududdufin da aka cike da shara aka yanka fuloti, abin da mutanen Kano suka sani sarai. Leda da tsumma suna ci gaba da lotsawa, har raf ɗin ma yana iya karkata. Maganinsa turakun kankare da ake kai wa har ƙasa mai tauri, kuɗinsu kuma yana iya cinye duk rangwamen da dillali ya yi maka. Tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da. Ka kuma je da kanka a watan Agusta, ka sa a haƙa rami, ka dawo washegari ka ga ko ruwa ya taru. Ɗebo ƙasar ka jiƙa ka murza a tafin hannu: in ta miƙe doguwa ba ta tsinke ba, laka ta yi yawa. Ga bene kuwa wannan bai wadatar ba, sai gwajin ƙasa da zanen injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya.

Bango fa? Bulon siminti ya fi sauƙin samu, sai dai ingancinsa ya danganta da yawan da aka fitar daga buhu mai kilo 50. Karce shi da ƙusa, in yana zubar da yashi, ka bar musu kayansu. Jan bulo da aka gasa ya fi jure danshi, kuma ba lallai a yi masa filasta ba, amma ba kowane magini ya iya jera shi ba. Tubali ya fi su sanyi a watan Afrilu, muddin an ɗora shi a kan gindin dutse ko bulo da ya haura ƙasa, an kuma sa indararo masu tsawo. Ko wanne ka zaɓa, kada a tsallake ledar difisi, wadda ake shimfiɗawa tsakanin fandisho da bango, domin ita ke hana danshi hawa bango ya riƙa ɓarɓashe fenti da filasta daga ƙasa.