IPA ko sitawut: wacce ta fi zama lafiya da abinci?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara ɗanɗana giyar ƙananan masu dafawa, ka tarar IPA (wato India Pale Ale) da sitawut ne suka cika kanta, kana so ka san bambancinsu da wacce za ka ajiye kusa da faranti. Ka kuma ce baƙar, wato sitawut, tana ba ka tsoro, don ka ji wai ita ta fi bugarwa. Bari in fara da tsoron nan, domin kusan kowa a nan yake tuntuɓe.

Baƙin sitawut daga sha'ir yake fitowa, wanda aka gasa har ya yi duhu kamar 'ya'yan kofi, launin bai da alaƙa da maye. Guinness ta famfo, wadda sitawut ce, kashi 4.2 cikin 100 kawai na sinadarin maye take da shi, alhali IPA ta yau da kullum, mai launin zuma ɗin nan da ake yi wa kallon saliha, takan kai kashi 6 zuwa 7. Akwai sitawut masu ƙarfin gaske da ke wuce kashi 10, saboda haka lambar jikin kwalba za ka duba, ka rabu da launi.

A asali ma 'yan gida ɗaya ne. Irin yis ɗaya ake sa musu, mai aiki a ɗumi yana tasowa sama, saɓanin na giyar laga da ke son sanyi. Inda suka rabu shi ne wanda aka bar wa baki ya yi magana. A IPA furen hof, wani tsiro da ake sa wa giya, shi ne mai gida, shi ke kawo ɗaci da ƙamshin garehul, ɓawon lemo, wani lokaci har mangwaro. A sitawut kuwa gasasshen hatsi ne ke da ta cewa: ƙauri, ɗanɗanon kofi, da wani gardi mai kama da cakulan.

IPA ta samo suna ne daga giyar da Ingila ke aikawa Indiya ta jirgin ruwa tun ƙarshen ƙarni na 18, inda George Hodgson na unguwar Bow a Landan ya yi fice, kafin masu dafawa na garin Burton su karɓe kasuwar. Amma wadda kake gani yau, mai ƙamshin 'ya'yan itace, hannun Amurka ne a kanta. An fitar da irin hof mai suna Cascade a 1972, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar halatta dafa giya a gida a 1978, sai masana'antar giya ta Sierra Nevada a Kalifoniya ta fara aiki da Cascade ɗin a 1980. Sitawut ita ɗiyar fota ce, baƙar giyar 'yan dakon Landan. Arthur Guinness, wanda ya kafa kamfanin Guinness, ya kama hayar masana'antarsa a Dablin, babban birnin Ayalan, a 1759, hayar shekara 9,000. Mutumin nan dai bai shigo da niyyar tashi ba.

To, maganar abinci. IPA maiƙo take so. Ka kai loma ta soyayyen kifi ko soyayyen dankali, bakinka ya yi danƙo da mai, ka kurɓa, ɗacin da iskar cikinta su wanke harshen tas, loma ta biyu ta zo kamar ta farko. Cuku mai gishiri da ya kwana biyu shi ma abokinta ne, domin gishiri yana danne ɗaci, sai ƙamshin lemon ya fito fili. Amma ka kiyaye ta da barkono. Ana yawan cewa IPA ce abokiyar abinci mai yaji, ni ban yarda ba. Na taɓa haɗa ta da kaza mai barkono, kurɓi na farko na ji daɗi, na uku kuwa leɓena kamar an goga masa garwashi, ɗacin ya ninka, ɗanɗanon kazar ya gudu. Ɗaci da maye duk suna zuga zafin barkono. Mai son wannan faɗan a bakinsa ya sha shagalinsa, amma sabon shiga ya sani kafin ya zauna.

Sitawut ta fi haƙuri. Duk abin da wuta ta lasa, ita da shi sun san juna: gasasshen nama mai ɗan ƙonewa a gefe, naman da aka daɗe ana dafawa har romonsa ya yi kauri, gasassun kayan lambu. Ƙaurin nan ya haɗu da ƙaurin can, ba mai ture wani. Da baƙin cakulan kuwa ba a magana, ka ɗora gutsure a harshe ka bari ya fara narkewa sannan ka kurɓa, za ka rasa inda cakulan ya ƙare giyar ta fara. Abin mamaki shi ne kawa, ɗanyen naman ruwa mai gishiri da ba ka zata zai jure mata ba, amma mutanen Ayalan sun daɗe suna haɗa su, har biki suke yi a garin Galway tun 1954. Inda take kasawa shi ne abinci mai laushin ɗanɗano. Dafaffen farin kifi ko ganye ɗanye, binne su take yi.

Wajen ajiya ma halinsu daban. Ƙamshin hof ba ya jiran kowa, cikin 'yan watanni ya dushe, ya bar ka da ɗaci tsura. Duba ranar da aka zuba ta a gwangwani, ka sa ta a firji, ka nisanta ta da rana, don haske na ɓata hof ya ba da wari. Sitawut ba ta da wannan gaggawar, abin da ba ta so shi ne sanyi ƙarara. Fito da ita ta huta minti 10 tukuna. Idan mai iskar naitirojin ce, tsaya ka kalli kofin: ƙananan ƙwayoyin iska na gangarowa ƙasa a jikin gilashi kamar yayyafi, kumfa mai kauri na taruwa a sama. Kada ka kai baki sai ta natsa.

In za ka gwada su zama ɗaya, ƙaramin kofi ya isa, ka sa ruwa da burodi a tsakani, ka fara da mai sauƙin maye. Wanda ba ya shan mai maye kuma, duka biyun ana yin su babu shi, Guinness 0.0 na cikinsu.

Ni dai in aka ce in ɗauki ɗaya don cin abinci, sitawut zan ɗauka, domin abincin da take ɓatawa kaɗan ne. IPA ina barinta sai ranar da ake suya, kuma na tabbatar mai girki bai saki hannu da barkono ba.