Bibiyar kakar wasan Royal Ballet ta intanet: abin da kuɗina ya saya mini

A 2022 gidan rawa da waƙa na Covent Garden da ke Landan ya buɗe hanyar kallon wasanninsa ta intanet, wadda yanzu ake kira Royal Ballet and Opera Stream. Mutum zai biya kuɗin wata ko na shekara da fam ɗin Ingila, sai ya riƙa kallon wasannin da aka naɗa a duk lokacin da ya ga dama. Ni rawar bale, wato rawar Turawa da ake ba da labari da motsin jiki ba tare da magana ba, ita ce ta kai ni, don haka ita kaɗai zan taɓa. Kuɗina bai tafi a banza ba, sai dai wanda ya tsaya kan kammalallen wasa kawai, rabin abin ya gani.

Na fara da Swan Lake, tsarin da Liam Scarlett ya yi wa ƙungiyar rawar gidan, wato Royal Ballet, a 2018, wanda Marianela Nuñez 'yar Ajantina da Vadim Muntagirov ɗan Rasha suka ja ragamarsa. Kowa maganar juyi 32 ɗin nan yake yi, wanda mace ke yi a kan ƙafa ɗaya a kashi na uku, kuma lallai abin a tafa ne. Amma ni kashi na biyu ne ya riƙe ni, inda kiɗan wasan, wanda Tchaikovsky ya tsara, ke lafawa har ya zama kusan goge ɗaya ke kuka. A ƙarshen rawarsu ta mutum biyu, Nuñez tana tsaye kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar tana kaɗawa a jikin idon sawunta da sauri-sauri kamar bugun zuciyar tsuntsun da aka kama a hannu. Kyamara ta matso har ana ganin numfashinta. Zauren yana ɗaukar mutum sama da 2,200, kuma wanda ke can ƙololuwar bene ba zai taɓa ganin wannan ba.

Kyamarar kuma ita ke zaɓa maka inda za ka duba, haka kowace rawa da aka naɗa take. Idan taron 'yan rawa mata masu fararen kaya da ke fitowa a matsayin tsuntsaye suka jeru suna sauya sahu, kyawun yana cikin ganin su gaba ɗaya, kuma ƙaramin allon waya yana cinye shi. A kalla a talabijin in da hali.

Inda na fi ƙaruwa shi ne atisaye. A 2014 aka fara ware rana guda a shekara da manyan ƙungiyoyin bale ke nuna darasinsu na safe kai tsaye, kuma na Royal Ballet yana nan a shafinsu na YouTube kyauta, haɗe da bidiyoyin gwajin wasa. Ba kwalliya, ba fitilu. Za ka ga mutane sun duƙunƙune cikin tsofaffin rigunan sanyi, kowa ya dafa sandar da ke jikin bango, mai fiyano yana kusurwa, malami yana kiran sunayen motsi da Faransanci. Tauraruwar da aka yi wa ruwan furanni jiya da dare tana gefen yarinyar da aka ɗauka aiki bana, suna lanƙwasa gwiwa iri ɗaya, kuma malamin yana gyara wa kowaccensu kafaɗa ba tare da duba muƙami ba. Wannan ya shiga raina ƙwarai. A nan ne kuma na lura da takalman da mata ke tsayawa kan yatsu da su: ba katako ba ne a bakinsu, yadi ne da takarda da gam aka danne, mace da kanta take ɗinka igiyoyin, ta buga shi a ƙasa don ya yi laushi ya rage ƙara, kuma babban wasa guda na iya kashe shi.

Da ka saba da fuskokin, labaran kakar sai su fara yi maka ma'ana. Ana buɗewa wajen Satumba ko Oktoba a rufe wajen Yuni ko Yuli. Yawancin shekaru watan Disamba na The Nutcracker ne, tsarin Peter Wright na 1984. Kowane babban wasa yana da jerin taurari da ke karɓa-karɓa, kuma idan wata ta ji rauni sai a canza suna, wani lokaci saura kwana kaɗan. Ta irin wannan ƙofar ce ƙananan 'yan rawa kan samu damarsu ta farko. Muƙaman hawa biyar ne, kuma a ƙarshen kaka shugaban ƙungiyar, Kevin O'Hare, wanda ke kan kujerar tun 2012, yake sanar da waɗanda aka ƙara wa girma. Francesca Hayward, wadda aka haifa a Nairobi, ta kai hawa na ƙarshe a 2016, kuma ganin yadda take aiki a ɗakin gwaji ya sa na fahimci dalili. Sai dai a sani, shafin da ake biya ɗin rumbu ne na abin da aka riga aka naɗa. Wasu wasannin kakar da ake ciki gidajen silima ake haska su kai tsaye.

Wanda bai taɓa kallon bale ba, kada ya fara da mai ban tausayi. Ya nemi La Fille mal gardée, wanda Frederick Ashton ya tsara a 1960. Labarin budurwa ne da uwarta ke son aurar da ita ga ɗan mai kuɗi alhali tana da wanda take so. Namiji ne ke fitowa a matsayin uwar, har ya yi rawa da takalman katako, ga mutane cikin shigar kaji suna buɗe wasan, ga ɗan doki na gaske yana jan keke a kan dandamali. Ba ya buƙatar bayanin kowa, kuma yara ma suna bin sa har ƙarshe.